Kwalaben Nunzia

"Loris, ina kwalabena?"

Da wannan tambayar Nunzia ta tare ni tun kafin ta sauke jakar littattafanta. Ina tsaye a tsakiyar kicin ɗinsu da tsumma a hannu, ina jiran yabo.

"Waɗanne kwalabe?"

"Na saman firij. Na cikin kwali."

"Au, fankunan nan? Na rabu da su." Na nuna mata saman firij ɗin yana ƙyalli. "Sai da na wanke su tas, sannan na sauka na zuba su a koren mazubin gilashi na bakin titi."

Gavino, ɗan Sardiniya da ke haya a ɗakin kusa da nata, yana cin burodi a bakin taga. Ya daina tauna.

"Ɗan gari," in ji shi a hankali, "ka ce wasa kake."

Ba wasa nake ba. Ranar Laraba ce, Nunzia tana da jarrabawa, ni kuwa na zo tun da hantsi don in gyara musu kicin ta dawo ta yi murna. Wata bakwai muna tare, kuma wannan ne karo na farko da na yi wani abu da hannuna dominta.

A Bologna aka haife ni, a nan nake karatun tarihi. Mu 'yan gari muna shiga aji mu fito, kowa ya koma gidan uwarsa ya ci abincin rana, abokanmu su ne dai waɗanda muka yi firamare tare. Baƙin ɗalibai kuwa, waɗanda suka baro garuruwansu, su suke cika dandali da hayaniya, suna girki tare, suna faɗa tare. Shekara biyu ina kallonsu daga nesa, ina gaya wa kaina surutunsu ne ba na so. Gaskiyar ita ce babu wanda ya taɓa kirana.

Sai ranar da wata yarinya mai karatun haɗa magunguna ta leƙa ɗan burodin da nake ci a matakalar laburare, ta ce bai kamata ɗan adam ya ci wannan abin tausayin shi kaɗai ba. Ta ja ni gidansu, ta buɗe kwalbar yalo cikin man zaitun. Tun daga ranar ban sake zama daidai ba.

Yanzu ga ta tsaye, fuskarta ta yi fari.

"Jibi Juma'a motar Saverio direba za ta koma can kudu, Kalabriya," ta ce. "Me zan ba shi?"

"Me kike ba shi da?"

"Kwalaben, Loris! Duk wata Mama tana aiko min da kwali cike, ni kuma in mayar mata da fankunan. Kana tsammani ina suke zuwa?"

"To... sai in sayo sababbi. Irinsu sak."

Gavino ya kwashe da dariya har burodi ya shaƙe shi.

"Sababbi! Uwarta ta san kwalaben nan kamar yadda ta san haƙoran bakinta. Akwai mai tabo a gindi, akwai wadda aka yi bikin aurenta da ita. Tawa uwar, kwalba ɗaya ta ɓata bara, har yau ba ta daina yi min gori ba."

Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba. Na banka ƙofa na sauka hawa huɗu da gudu, su biyun suna bina a baya.

Mazubin yana nan inda na bar shi, ƙato, kore, da ɗan ƙaramin baki. Na zura hannu har kafaɗa. Gavino yana haska min da waya yana ba da umarni kamar mai tuƙin jirgin ruwa.

"Dama, dama! Kai, wannan ta ruwan lemo ce. Kun ga ɗan tarihi yana tonon kayan tarihi!"

Wata tsohuwa da ke wucewa da kare ta tsaya ta girgiza kai.

"Baƙin ɗaliban nan, yanzu har shara suke tona mana."

"Ni ɗan bayan layin nan ne, Sinyora," na ce, kumatuna manne da mazubi.

Da ta ji harshena na garin, sai ta ƙara ware ido, ta ja karenta ta yi gaba. A karo na farko na ji yadda kalmar "baƙi" take sauka a kunnen wanda aka jefa da ita.

Abin da na ciro kawai shi ne gutsuren gilashi da yanka a ɗan yatsa. Kwalaben goma sha huɗu ne, duk sun farfashe.

Da muka koma sama, Nunzia ta tsaya cak a gaban wurin shanya kwanuka. Murafen suna nan a jere. Na cire su lokacin wanki, na manta ban mayar ba. A kan kowane akwai rubutu da jan fenti, mai karkata kamar zai faɗi: tumatir, yalo, barkono.

"Rubutun Kaka ne," ta ce. "Ta rasu a watan Janairu."

Ta tattara su ɗaya bayan ɗaya a cikin rigarta. Gavino ya ɗauki burodinsa ya sulale ɗaki.

"Nunzia, rabin raina, ki yi haƙuri. Ban sani ba..."

"Ai shi ne. Ba ka sani ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ranar da zan taho, Baba bai yi min magana ba. A ƙauyenmu an ce yarinyar da ta tafi arewa ta tafi ke nan. Mama ce ta tsaya min. Ta ce, muddin kwalabena suna dawowa, na san 'yata tana nan dawowa. Shekara uku ban taɓa fashin ko ɗaya ba."

"Sai ki gaya mata hatsari ne."

"Hatsarin wa? Wa ya shiga kicin ɗina? Ba ta san da kai ba."

Maganar ta soke ni, na buɗe baki zan yi ƙorafi, ta riga ni.

"Kai taka uwar ta san da ni? Wata bakwai kana cin abincin cikin kwalaben nan, ba ka taɓa tambayar inda suke komawa ba. Gidanku tafiyar minti goma sha biyar ce daga nan, ban san launin ƙofarku ba. Kana zuwa wurinmu kamar mai zuwa kallon biki, ka yi dariya, ranar Lahadi ka koma teburin mamanka. Mu ne nishaɗinka, Loris."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ni da nake iya cika shafi ashirin a kan dalilin rushewar daula, na kasa haɗa jimla ɗaya.

"Zan bi motar Saverio jibi," ta ce. "Zan kai mata murafen da hannuna. Baba ya daɗe yana so in koma jami'ar kusa da gida... wataƙila shi ne mai gaskiya. Na gaji da zama baƙuwa."

Na fito ina tafiya a ƙarƙashin rumfunan titi. Kwana biyu kawai nake da su, kuma hanya ɗaya ce ta rage, wadda na shafe wata bakwai ina kauce mata.

Mahaifina ya rasu shekara huɗu da suka wuce. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce kada in bar Mama ita kaɗai, na yi masa alkawari. Tun daga nan mu biyu ne a teburi, kujerarsa tana nan ba mai zama. Mama Ombretta ba ta ƙin kowa, amma tana da ra'ayi a kan baƙin ɗalibai: suna zuwa, su tsadar da haya, su karɓi takarda, su tafi da 'ya'yan mutane ko su bar su da karyayyar zuciya.

Na same ta tana murza ƙullin taliya a kan katako.

"Me ya sami yatsanka?"

"Mama, akwai wata yarinya."

"Na sani. Tun lokacin kaka kake dawowa kana warin tafarnuwa kana murmushi kai kaɗai. 'Yar gidan wa ce?"

"'Yar Kalabriya ce."

Sandar murzawa ta tsaya.

"'Yan matan Bologna sun ƙare ne?"

"Ita nake so, Mama. Kuma jibi za ta tafi, saboda ni."

"Me ka yi mata?"

Na ba ta labari tun daga farko. Ina sa ran ta ce ai dama mutanen kudu akwai ɗaukar ƙaramin abu da zafi. Maimakon haka ta ajiye sandar, ta juyo gaba ɗaya, hannayenta fari fat da fulawa.

"Ka zubar da kwalaben uwar mutane?"

"Fanko ne, Mama..."

"Goma sha huɗu! Da rubutun mamaciya a kai! Wa ya raine ka, Loris? A gidan wa ka tashi?"

"Na ɗauka al'adarsu ce ta can..."

"Ta can? Shekara ashirin da uku kana shan 'ya'yan itacen ceri a gidan nan, kana tsammani daga sama kwalaben suke faɗowa? Biyo ni."

Ta ɗauki makulli muka sauka ɗakin ajiya na ƙasa, inda rabona da shiga tun ina yaro. Da ta kunna fitila na ga kantoci daga ƙasa har sama, cike da kwalaben ceri cikin ruwan sukari, jajaye kamar garwashi. Mahaifina ne yake haɗa su duk watan Yuni daga bishiyarsa ta kan tudu. Ashe bayan rasuwarsa Mama ba ta daina ba. Ita kaɗai take tsinkowa, ta dafa, ta jera, alhali mu biyu ba ma iya shan ko rabi.

Kunya ta rufe ni. Ba Nunzia kaɗai na kasa gani ba. A gidanmu ma baƙo nake.

"Gobe ka kawo min ita," in ji Mama, ba ta dube ni ba. "Ta zo da murafen."

Washegari da safe sai da na yi rabin awa ina roƙo ta bayan ƙofar ɗakin Nunzia. Gavino ne ya kawo ƙarshen abin.

"Nunzia, 'yar gari ta gayyace ki gidanta. Shekarata biyar a garin nan, gidan ɗan gari ɗaya na taɓa shiga, shi ma likitan haƙori ne. Ki je ko don ki ba mu labarin yadda cikin yake."

Ƙofa ta buɗe. Ta fito da murafen ƙunshe a ɗankwali, da kwalbar yalo guda ɗaya da ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

"Ba don kai zan je ba," ta ce. "Babba ce ta kira."

Mama ta tare mu a bakin ƙofa sanye da rigar da take zuwa coci da ita. Suka dubi juna tun daga sama har ƙasa.

"Barka da rana, Sinyora. Ga wannan, na mahaifiyata ne."

Mama ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta jujjuya ta, ta ƙwanƙwasa murfin da farce.

"Hannun da ya yi wannan ya san aiki. Shigo, 'yata. Ki yafe wa wannan sakaran, laifina ne da na bar shi da littattafai."

A ɗakin ƙasa Nunzia ta tsaya baki buɗe. Mama ta sauko da kwalba ɗaya, ta cire murfinta, ta miƙa hannu. Nunzia ta ɗan yi jinkiri kafin ta ba ta murfin Kaka mai rubutun "tumatir". Mama ta ɗora, ta murɗa. Ya zauna daram.

"Ya yi!" Nunzia ta kama hannuna ba ta sani ba. "Loris, ya yi!"

"Kwalaben marigayi mijina ne," in ji Mama. "Ban taɓa ba kowa ko ɗaya ba. Ki ɗauki goma sha huɗu."

"Na gode, Sinyora. Bari in juye cerin a tukunya in wanke..."

"Ki juye? Kwalba ba ta fita daga gidana fanko. Cike za su tafi."

"Idan suka je cike, Mama za ta tambayi wanda ya cika su."

"Sai ki gaya mata. Ko ɗana abin ɓoyewa ne?"

Nunzia ta sunkuyar da kai. Mama ta matso kusa da ita, muryarta ta sauka.

"Ni ma ina da tambaya. Idan kin gama karatu, ina za ki kai min shi?"

Na san amsar da Mama take son ji, na kuma san Nunzia ta sani.

"Ban sani ba, Sinyora. Tawa uwar ma abin da take tsoro ke nan, kada a tafi mata da ni. Ba zan yi miki alkawarin da ban tabbata ba."

Mama ta gyaɗa kai.

"Aƙalla ba ki yi min daɗin baki ba," ta ce. "Loris, ɗora babbar tukunya. Tunda an canza murfi sai an sake dafa su."

Yinin ranar ban taɓa ganin irinsa a gidanmu ba. Tururi ya cika kicin, Mama ta ce minti ashirin ya isa, Nunzia ta rantse a gidansu ba a sauke kwalba sai ta yi arba'in, suka yi ta musu har suka manta da ni. Da aka zo cin abinci, Mama ta jawo kujerar mahaifina ta ce, "Zauna nan." Na juya wajen taga don kada su ga idona.

Amma Nunzia ba ta ce ta fasa tafiya ba.

Ranar Juma'a da safe na ɗauko kwalin zuwa tasha, ita kuma tana riƙe da jakar kayanta da tikiti. Wurin cike yake da baƙin ɗalibai, kowa da kwalin fankunansa yana ƙara. Saverio direba ya ɗaga namu, ya yi nishi.

"Yau kuma duwatsu kike aika wa mamanki Assunta? To, wa zai hau, ke ko kwalin, ko duka biyu?"

Na riƙo hannun rigarta.

"Nunzia, ban iya magana ba, kin sani. Amma daga yau duk abin da ya shafe ki zan tambaya. Inda ya fito, da inda yake komawa. Kada ki tafi, masoyiyata."

Ta dube ni, ta dubi motar. Sannan ta zaro takarda daga aljihu, wasiƙa mai shafi uku da ta riga ta rubuta wa mamanta, ta cusa a gefen kwalin.

"Kwalin kaɗai, Kawu Saverio. Ka riƙe shi da kyau."

"Kin riga kin rubuta? To jakar fa?"

"Kayan wanki ne," ta ce, tana danne dariya. "So nake in ji ko za ka buɗe baki."

Kwana uku wayarta, wadda ta saba ƙara sau uku a yini, ta yi shiru. Nunzia ta daina cin abinci, ni na daina karatu. A rana ta huɗu aka kira. Ta sa a kunne, ta saurara, kafin ta ce komai an kashe.

"Me ta ce?"

"Ta ce... sukarin ya yi yawa."

"Shi ke nan?"

"Loris, ta buɗe! Ta sha!" Ta faɗa jikina tana kuka tana dariya.

Ƙarshen wata Saverio ya sauke kwali biyu. Ɗaya na Nunzia. Ɗayan an rubuta "Sinyora Ombretta", kuma a ciki kwalaben mahaifina ne, cike da miyar tumatir, ƙarƙashin murafen Kaka. A saman su akwai 'yar takarda: "Wanda ya fasa, ya zo a Agusta ya cika. Ya taho da uwarsa."

Mama, wadda ba ta taɓa kwana a wajen Bologna ba tun rasuwar mijinta, ta karanta sau biyu.

"Za mu je," ta ce. "Dole wani ya nuna wa matar nan cewa minti ashirin ya isa."

A watan Agusta na yanka tumatir har hannayena suka yi kanta. Mahaifin Nunzia ya yi kwana biyu bai ce min uffan ba, a na uku ya karɓe wuƙata ya wasa ta ya mayar min. Da yammacin ranar, a gindin bishiyar ɓaure, na nemi auren 'yarsa da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Ya ce in bari ta gama karatu. Bai ce a'a ba.

Ranar da za mu koma, Sinyora Assunta ta kira ni gefe. Ta ɗauko sabuwar kwalba mai sabon murfi, ta tsoma ɗan buroshi a jan fenti, ta rubuta sunana da na Nunzia, harafi bayan harafi, tana cije leɓe. Ta ɗora min ita a tafin hannu, ta rufe da nata hannayen biyu.

"Wannan ta gidanku ce, ko a ina kuka kafa shi," ta ce. "Ku cinye. Amma ɗana, ka dawo min da kwalbata."